Duwatsun Mandara: yadda siffar tsauni ke tsawaita yaƙi a iyakar Kamaru da Najeriya

A watan Yulin 2025, kwamitin hukumar UNESCO da ya yi zama a birnin Paris ya saka wasu kufai na duwatsun Mandara, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, cikin jerin kayan tarihin duniya. Sunan wurin Diy-Gid-Biy, wato kangon gidan sarki a harshen Mafa. Gine-gine ne 16 na jerarren dutse, babu laka babu siminti, a warwatse cikin ƙauyuka bakwai, kuma masana na ganin an gina su ne tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Hukumomin Yawunde sun yi murna, aka fara zancen farfaɗo da yawon buɗe ido.

Ba a cika wata uku ba, a farkon Oktoba, mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin Kirawa da ke gindin waɗannan duwatsu ta ɓangaren jihar Borno. Suka ƙona gidaje har da fadar hakimi, dubban mutane suka tsallaka rafi zuwa Kerawa ta Kamaru.

Tun 2015 sojojin Najeriya suka ƙwato Gwoza, kuma Abubakar Shekau ya mutu tun 2021, amma wannan yanki bai huta ba. Akan ɗora laifin a kan ƙarancin makamai, cin hanci, ko rashin jituwar gwamnatoci, kuma duk akwai gaskiya a ciki. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne ƙasar kanta: yadda tsaunin yake, inda iyaka ta ratsa shi, da abin da ke faruwa idan manomansa suka bar shi.

Gajeren tsauni mai wuyar hawa

Idan tsawo ake magana, Mandara ba ta cikin manya. Ƙololuwarta, dutsen Oupay, mita 1,494 ne. Dutsen Kamaru da ke kudu ya haura mita 4,000, Emi Kusi na Tibesti a arewacin Cadi mita 3,415 ne, tsaunin Bagzan na Abzin a Nijar ya ɗan wuce mita 2,000. Mandara siririya ce kuma doguwa: kimanin kilomita 190 daga kusa da kogin Binuwai a kudu zuwa arewa maso yammacin Marwa. Ta gabas akwai gundumomin Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava, masu hedikwata a Mokolo da Mora. Ta yamma akwai Gwoza a jihar Borno, sai Madagali, Michika da Mubi a jihar Adamawa.

Hoton da duniya ta fi sani shi ne na Rumsiki, a ƙasar Kapsiki, inda wasu dogayen duwatsu ke tsaye ƙiƙam kamar taɓarya a tsakiyar fili. Ragowar duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu tun zamanin da: narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaronsu ya fi jikinsu tauri, sai iska da ruwa suka cinye jikin suka bar cibiyar. Mafi shahara a cikinsu ya kai mita 1,224. Kafin 2013 Turawa kan zo kallonsu a kowane rani, masu otal da 'yan rakiya da masu sassaƙa suna ci daga nan.

Sai dai wannan tsakiyar tsaunin ce, inda ƙasa ta ɗan shimfiɗu ta zama tudu mai faɗi, mota na iya hawa. Arewacin tsaunin, inda rikicin ya fi ƙamari, daban yake. Can tsohon dutse ne mai tauri wanda zafin rana da ruwan sama suka farfasa tsawon zamani, har ya zama tarin manya-manyan duwatsu, wani a kan wani, wasu sun kai girman ɗaki. Tsakaninsu akwai kogwanni, ramuka da lunguna da mutum ɗaya kaɗai ke iya bi a lokaci guda. Gefen da ke fuskantar Najeriya a miƙe yake kamar bango. Duwatsun Gwoza kuwa wani reshe ne da ya miƙa arewa: ta yammacinsa fili ne da ke kaiwa dajin Sambisa, ta gabashinsa wani kwari ne mai garuruwa irin su Ngoshe da Ashigashiya, sannan Kamaru.

A irin wannan wuri motar sulke iyakarta gindin dutse. Jirgin yaƙi na iya jefa bam, amma wanda ya shige ƙarƙashin falalen dutse ya fi ƙarfin ido daga sama. Da damina ciyawa da dawa suna rufe hanyoyi, rafuka su cika su yanke ƙauyuka daga barikoki. Da rani rafukan nan, waɗanda ake kira mayo da Fulatanci, sukan bushe su zama hanyoyin yashi da ake bi da dare ba tare da an ratsa ta shingen kowa ba. Soja baƙo da aka kawo daga Duwala ko Ibadan yana fuskantar mutumin da ya yi kiwon awaki a wannan gangare tun yana yaro.

Ba yau aka fara gane haka ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani hafsan Jamus mai suna Ernst von Raben ya hau dutsen Mora da ƙaramar runduna a 1914, sojojin Ingila da Faransa suka yi masa ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi ba su iya fitar da shi ba. Sai a watan Fabrairun 1916 ya miƙa wuya, bayan sauran Kamaru duk ta faɗi. Kuma tun a watan Satumbar 2004, shekara biyar kafin rikicin Maiduguri, mutanen da aka riƙa kira 'yan Taliban na Najeriya sun kai hari ofisoshin 'yan sanda a Bama da Gwoza, suka gudu cikin waɗannan duwatsu.

Mutanen da suka gina gona a kan dutse

Abin mamakin Mandara shi ne yawan jama'arta. A wasu sassan ƙasar Mafa, fiye da mutum 100 ke zaune a kan murabba'in kilomita ɗaya na gangaren da baƙo zai rantse ba ya fid da ko ƙaya. Akwai Mafa, Kapsiki waɗanda ake kira Higi ko Kamwe a Najeriya, Podoko, Mofu, Hide, Glavda, Dghweɗe, Guduf, Lamang, Sukur da wasu da dama, kusan kowane kwari da harshensa. Ga mai karatun Hausa akwai abin lura a nan: akasarin waɗannan harsuna dangin Hausa ne na nesa, domin masana harshe sun sa su duka cikin iyalin harsunan Cadi, Hausa a reshen yamma, su a reshen tsakiya.

Dabararsu ita ce gona hawa-hawa. Ana tsince duwatsu a jera su ganuwa a jikin gangare, a cike bayanta da ƙasa, a sake jera wata a sama, har tsauni ya zama kamar matakalar bene daga gindi zuwa kai. Ganuwar na tare ruwan sama ya nutse maimakon ya gangara da ƙasa. Tsaunin ya fi filayen da ke kewaye da shi samun ruwa, amma duk cikin 'yan watanni yake zuba, sau da yawa da ƙarfi. Mafa kan shuka dawa shekara ɗaya, gero da wake shekara mai zuwa, abin da ke hutar da ƙasa ya kuma rage ƙwari da ƙuduji. Ana ɗaure sa a ɗaki ana ciyar da shi shekaru don bikin maray, takinsa kuma ya tafi gona. Toka, kashin awaki, sharar gida, babu abin da ake zubarwa.

A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali, wannan fasaha ta kai matuƙa: fadar Hidi a kan tsauni, hanyoyi shimfiɗaɗɗu da dutse, da tsofaffin matoyan narkar da tama waɗanda suka taɓa wadata yankin da ƙarfe. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta amince da shi, a 1999. Tsakaninsa da Diy-Gid-Biy 'yan gomman kilomita ne kawai. Mayaƙan Boko Haram sun kai masa hari a 2014.

Me ya sa mutane suka zaɓi wannan wahala alhali ga fili a ƙasa? Wani ɓangare na amsar tsaro ne. Daular Wandala, wadda ta yi hedikwata a Kerawa, Dulo da Mora, da Borno, da kuma lamiɓen Fulani daga ƙarni na 19, duk sun ɗauki tsaunin a matsayin wurin samo bayi. Doki ba ya hawa tarin duwatsu, don haka wanda ya hau sama ya tsira. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar kundin da aka rubuta masa daga 1912 zuwa 1927, inda aka lissafa hare-harensa a kan ƙauyukan dutse da adadin mutane da shanun da aka kamo, kamar lissafin ɗan kasuwa. Ingilishi suka tuɓe shi a 1927. Wannan ba tarihi ne mai nisa ba, akwai tsofaffin da iyayensu suka gani da ido. Shi ya sa kalmomi irin su Kirdi da arna, waɗanda mutanen fili, har da Hausawa, suka saba jifan mazauna dutse da su, suke da zafin da mai faɗa ba ya ji. Yau a cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu addinin gargajiya, wani lokaci a gida ɗaya, kuma yaƙin nan ya ci dukkansu.

Gwamnatoci ma ba su taɓa son zamansu a sama ba, saboda wuyar karɓar haraji da wuyar iko. Turawan mulkin mallaka sun yi ta lallashi da tilasta musu saukowa, gwamnatin Ahmadu Ahijo ta ci gaba da hakan a shekarun 1960. Wasu sun sauko, da yawa sun ƙi. Abin da hukuma ta kasa yi a shekara hamsin, Boko Haram ta yi shi a 'yan watanni.

Iyakar da ta tsaga tsauni a tsaye

Da a ce iyaka ta bar tsaunin duka a ƙasa ɗaya, da aikin tsaro ya fi sauƙi. Amma bayan an kori Jamus, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a 1919, suka ƙara fayyace layin a takardun da aka kammala a 1931, kuma a wurare da dama suka bi ƙoƙuwar tsauni, inda ruwan sama ke rabuwa wani ya yi gabas wani ya yi yamma. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, arewacin ɓangaren Ingila ya zaɓi shiga Najeriya, shi ke nan layin ya zama iyakar ƙasa da ƙasa. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002, wanda aka fi tunawa da shi saboda Bakasi, ya taɓo nan ma: alƙalan sun duba layin da ya bi ta wajen Turu zuwa Rumsiki, suka ce aikinsu fassara tsofaffin takardu ne, ba sauya iyaka ba.

A kan taswira layin ƙoƙuwa yana da tsabta. A ƙasa kuwa ya raba Kapsiki da Higi, ya raba gona da rumbunta, ya raba kasuwa da masu cinta. Ga ɗan bindiga kuma kyauta ce: idan aka matsa masa daga Gwoza ya gangara Mayo-Moskota, idan rundunar BIR ta Kamaru ta taso masa ya koma ta inda ya fito, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa. Sace limamin cocin Katolika ɗan Faransa Georges Vandenbeusch a Ngecewe a watan Nuwamban 2013, da harin Kolofata na Yulin 2014 inda aka tafi da matar mataimakin firaminista Amadou Ali, duk wannan hanya suka bi.

An kafa rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Cadi, mai hedikwata a Njamena, don toshe irin wannan kafa, kuma shiyyarta ta ɗaya a Mora take, a gindin tsaunin. Amma akasari kowace ƙasa a cikin iyakarta take aiki, kuma manyan farmakin haɗin gwiwa na 'yan shekarun nan tafkin suka nufa, inda ISWAP ta fi ƙarfi. Nijar ta fice daga rundunar a watan Maris na 2025, shugaban Cadi Mahamat Idriss Déby ma ya yi barazanar janyewa a ƙarshen 2024. Rundunar da ke fama da riƙe membobinta ba za ta iya tsara abin da Mandara ke buƙata ba, wato sojojin ƙasa su hau daga gabas da yamma a rana ɗaya, su kuma zauna bayan sun hau.

Tsaunin da ba ya ciyar da mai zaman banza

Bayan da aka kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayun 2014, garin ya faɗi a watan Agusta, Shekau ya ayyana daularsa daga can. Sojoji sun ƙwato shi ranar 27 ga Maris 2015, jajibirin zaɓen shugaban ƙasa. Garin aka ƙwato, duwatsun da ke bayansa ba a taɓa share su gaba ɗaya ba. Da Shekau ya mutu a Sambisa a watan Mayun 2021, dubban mabiyansa suka miƙa wuya, wasu suka bi ISWAP, wasu kuma suka maƙale a Mandara ƙarƙashin kwamandan da rahotanni ke kira Ali Ngulde.

A nan ne yanayin ƙasa ke bayyana salon ta'asar. A tafkin Cadi akwai kifi, tattasai da shanu, don haka ISWAP na iya karɓar haraji ta bar mutane su yi sana'a. Mandara ba ta da irin wannan rarar. Abincinta na fitowa ne daga aikin hannu na kullum, kuma wanda ya kori manomi ya kori abincin. Saboda haka mayaƙan dutse dole su riƙa saukowa: su fasa rumbu, su kora awaki, su kwashe magani a ɗakin shan magani, su sace mutane don fansa ko don aikin gona. Shi ya sa hare-hare kan yawaita lokacin kaka, kuma shi ya sa talakan ƙauye ne ke shan wuya fiye da soja. Harin da aka kai wa 'yan gudun hijira a Ngecewe a watan Agustan 2020, da na Mozogo a Janairun 2021, da 'yan ƙunar baƙin wake mata da suka kashe fiye da mutum 30 a Gwoza ranar 29 ga Yunin 2024, sun faɗa ne kan fararen hula.

Martanin hukumomi a ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne: a tattara jama'a a garuruwan da ke da soja, irin su Pulka, Gwoza, Kolofata da Mozogo, a haƙa rami a kewaye, a bar 'yan sintiri su riƙa gadi. Ana iya fahimtar dalilin, soja ba ya isa ya tsare kowane ƙauye. Amma sakamakonsa shi ne an sallama tsaunin. Duk ƙauyen da ya zama kufai ya rasa idanun da za su ga baƙo su kawo labari, kuma rijiyoyinsa da kogwanninsa sun koma hannun wanda ya rage a sama. A ganina wannan ne babban kuskuren dabarar: ana ƙirga nasara da yawan garuruwan da aka riƙe a fili, alhali wanda ke sama ne ke zaɓar ranar da zai sauko.

Akwai kuma asarar da ba a sa ta a rahoton soja. Ganuwar gona tana son gyara kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Idan aka bar ta damina biyu ko uku, sai ta fara zubewa, ƙasar da kakanni suka tara da kwando ta bi ruwa. Ɗan gudun hijirar da ya shekara goma a sansanin Minawao, wanda aka buɗe kusa da Mokolo a 2013 kuma yake ɗauke da fiye da mutum 70,000, ba gonar da ya bari zai tarar ba. 'Ya'yansa da aka haifa a sansani ba su taɓa jera dutse ba. Najeriya, Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa hannu kan yarjejeniyar mayar da mutane gida tun watan Maris na 2017, gwamnatin Borno kuma na matsawa a koma, ga tallafin abinci na raguwa. Amma akasarin masu komawa a garuruwan gindin dutse ake sauke su, su yi noma iya inda bindigar soja ke kaiwa.

Abin da ya shafi mutanen fili

Bahaushen Marwa, Garwa ko Kuseri na iya ganin wannan matsalar wasu ce. Ruwan da yake sha da hanyar da kayansa ke bi sun ce ba haka ba ne. Mayo Tsanaga da Mayo Kaliao da suka ratsa Marwa daga waɗannan duwatsu suke gangarowa. Mayo Luti na yin kudu ya haɗu da ruwan da ke shiga Binuwai. Ta yamma kogin Yedzaram na tasowa daga wajen Mubi ya yi arewa, kuma wani ɓangare na ruwansa na bi ta fadamun Sambisa ya shiga kogin Ngadda, wanda ke cika madatsar Alau. Ita ce ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ta mamaye Maiduguri. Sakacin gyara da ruwa mai yawa ne suka jawo wannan bala'i, amma ya nuna inda ruwan tsaunin ke ƙarewa. Gangaren da ya rasa ganuwa da itatuwa yana sako ruwa da sauri tare da yashi, rijiyoyin ƙasa kuma su ƙafe da wuri.

Ta fuskar kasuwa, tsaunin ne ya tilasta wa manyan hanyoyi su zagaye shi. Ta arewa akwai hanyar Maiduguri zuwa Bama, Banki da Amcide, Mora, sannan Kuseri da Njamena. Ta kudu akwai Mubi da babbar kasuwarta ta shanu. Mahauta, dillalan albasa da wake, masu sayar da man zuwa-zuwa, direbobin manyan motoci, yawancinsu da Hausa suke ciniki a waɗannan tashoshi, ko da yake Fulatanci ne ya fi tafiya a ɓangaren Kamaru. Duk lokacin da aka rufe Banki ko aka dasa nakiya a hanyar Pulka, kuɗin mota na tashi, kuma mai sayen kaya a Njamena ne ke biya.

Shigar Diy-Gid-Biy cikin jerin UNESCO ta ɗora wa Kamaru alhakin kare wurin da kai rahoto kan halin da yake ciki, kamar yadda Najeriya ke da irin wannan alhaki a Sukur. Wuraren biyu na cikin yankin da ofisoshin jakadancin Turai ke gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su taka, don haka kuɗin 'yan yawon buɗe ido ba zai zo nan kusa ba. Masu kula da kufan a zahiri su ne manoman Mafa da ke shuka dawa a kewayensu. Idan hare-haren kaka suka kore su zuwa Koza ko Mokolo kamar yadda aka kori maƙwabtansu na Mayo-Moskota, ba za a sami mai cire saiwar itace daga jikin ganuwar ba kafin damina ta gaba.